Warƙa Huɗun Baffa

A shekarar da ƙanƙara ta sauka a Alƙahira, har mutanen gefen gari suka tashi suka tarar da rufin motocinsu fari fat, dattawan Masar suna rantsuwa ba su taɓa ganin irinta ba, a cikin wannan makon ne Allah Ya karɓi ran Baffa, yayan mahaifina. Ya cika da hantsi, a shaƙƙarsa, wato sashensa na gidan bene, a hawa na uku a unguwar Abbasiya, lulluɓe da bargo biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Falon bai ɗauke mu ba ranar zaman makoki. Mai gadin benen, wani tsohon Bamisire, shi ya shimfiɗa tabarmi har kan matakala, yana share hanci yana cewa shekara talatin mutumin nan bai taɓa wuce shi ba tare da sallama ba. Ɗalibai suka cika wurin, kowa da rigar sanyi a kan jallabiya. Wani ya ce Baffa ne ya tarbe shi a filin jirgi. Wani ya ce shi ya raka shi wurin neman iƙama, takardar izinin zama, har sau biyar bai gaji ba. Sai wani babba daga ofishin jakadanci, inda Baffa ya yi aikin tafinta har ya ajiye, ya gyara zaman hularsa ya ce:

"Mun yi rashin dattijo mai rufin asiri. Bai taɓa tona kowa ba."

Daga bayan labule muka ji muryar Hajja, matar marigayin, Bahaushiyar Sudan ce, mai ce wa kowa "ya zol", wato kai mutum, ba ta iya rage murya ba:

"Ya zol, ashe ba ka san shi ba."

Aka yi kamar ba a ji ba. Don a kawar da zancen, wani ɗalibi ya nuna ni ya ce, "Ga Mai Zane nan, shi ya kamata ya rubuta tarihin Baffa. Ai saboda kyawun hannunsa Baffa ya sa masa sunan." Jama'a suka ce haka ne, haka ne. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara biyu Baffa yana kirana da wannan suna a gaban mutane, suna ɗauka yabo ne. Zagi ne, kuma na cancanta. Dalilin rubutun nan ke nan.

Baffa ya zo Masar yana saurayi, neman ilimi, ya zauna har ya tsufa. Duk wanda ya san shi ya san abu uku game da shi.

Na farko, wankan gawa. Idan ɗan ƙasarmu ya rasu a Alƙahira, ba a neman kowa sai shi. Kabarin Masar ba irin namu ba ne: ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, da matakala, ana buɗe shi a kwantar da sabo kusa da tsoho. Yawancinmu mukan tsaya daga sama muna ta addu'a. Baffa yakan tuɓe takalmi ya sauka da kansa. Idan an fito kuma ba ya tafiya sai an mayar da duwatsun bakin, an liƙe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da ƙafa. Masu haƙa har sun gaji da shi. Sukan ce, "Khalas ya Hajj, ba mai fitowa." Shi kuwa sai ya ce, "Ba mai fitowa nake tsoro ba. Mai shiga."

Na biyu, gidan tarihin nan na Wustul Balad, inda ake ajiye busassun gawarwakin sarakunan da. Sama da shekara hamsin yana wuce ƙofarsa, bai taɓa shiga ba. An taɓa haɗa shi da wani babban baƙo daga gida ya kai shi. Baffa ya kai shi bakin ƙofa, ya samu dakali ya zauna.

"Ranka ya daɗe, bismillah. Ni ba na ziyarar mamaci da tikiti."

Baƙon ya ce, "Haba Malam, ai wa'azi ne. Ba an bar Fir'auna ya zama aya ba?"

Baffa ya ce, "To, mun ji, shi ɗaya. Matan fa? Da jarirai? Har kuliyoyinsu an tono. Su kuma tekun wa suka bi?"

Na uku, littafin Jamusawa. Wani ƙaton littafi ne mai hotuna masu launi, ya tsinto shi a rumfunan tsofaffin littattafai na wajen Ataba. Ba ya ajiye shi a kan kanta tare da littattafan addini. A ƙasa yake, a kansa ake ɗora butar shayi, bangonsa duk zoben ƙuna. Idan sabon ɗalibi ya zo gaisuwa, sai Baffa ya sauke butar, ya buɗe wani shafi da ya sani, ya tura masa.

"Me ka gani?"

"Dutse, Baffa. Masha Allah. Ga hazo, ga ruwa yana gangarowa."

"Duba ƙasa, hannun hagu."

A can za ka ga wani ɗan mutum kamar ƙwayar shinkafa, da kaya a ka, ya ba da baya. Sai Baffa ya taɓe baki kamar wanda ya tauna tsakuwa a tuwo, ya ce, "An zana shi ne don a san girman dutsen, yadda ake ajiye ashana kusa da kunama in za a ɗauke ta hoto. Karanta abin da ke ƙasa. Dutsen yana da suna. Itacen yana da suna. Tsuntsun nan sunansa har biyu. Mutumin fa?"

Na taɓa tambayarsa ko yana jin kakanmu ne a hoton. Ya ce, "Allah Ya sani. Ko shi ne ko ba shi ba, ƙeyarmu duk ɗaya ce a wurinsu."

Kakan nan da nake faɗa kakan Baffa ne na wajen uba, wato kakan mahaifina. Yana ƙaramin malami mai ɗan fatauci a Garwa, zamanin da Jamus ke riƙe da ƙasar, Turawa biyu suka ɗauke shi tafinta kuma shugaban 'yan dako, za su hau duwatsun Adamawa. Ɗaya yana tara tsirrai da ƙwari da tsuntsaye, 'yan dako suka sa masa Mai Kwalabe. Ɗaya yana zana duwatsu, suka sa masa Mai Zane. Da Kaka ya manyanta sai ya rubuta labarin tafiyar da ajami, a warƙoƙi sakakku irin na da, cikin gafaka. Gafakar kuma tana cikin wani koren akwatin gwangwani da Mai Kwalabe ya ba shi. Mun tashi a gidanmu muna alfahari da labarin akwatin nan. Akwatin Jamus ake ce masa. Da Baffa zai taho Masar aka ba shi, don shi ne babban jika.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, lokacin tarzomar Tahrir, wani tsohon ɗakin littattafai ya kama wuta, mutane suna kwasar takardu daga cikin toka. Baffa ya ji labari ya aika a kira ni. A lokacin yanar ido ta kama shi, ba ya ganin rubutu. Ya ɗora mini gafakar a cinya.

"Malam," don haka yake kirana a da, "bayan ni da kai babu mai karanta hannun nan. Ƙanwarka tana karanta Larabci kamar ruwa, amma ajamin Kaka ya fi ƙarfinta. Takardar tana marmashewa. Ka juya mata shi da boko, ita da 'ya'yanta. Kada ka gyara masa Hausa."

Ƙanwar da yake nufi ita ce 'yarsa tilo, haifaffiyar Alƙahira, ma'aikaciyar jinya.

Na tafi da shi ɗakina, na fara da bismillah. Farkonsa ya yi mini daɗin juyawa, don ƙyamar da ke ciki ta wasu ce. Kaka ya rubuta yadda Mai Kwalabe ke jefa kwaɗi da ƙadangaru da ransu cikin ruwa mai warin barasa, yana kallon agogo har su daina motsi. Ya rubuta yadda ake feɗe tsuntsaye a barbaɗa wa fatar garin guba, har yatsun mai feɗewar suka ruɓe. Ya rubuta yadda Mai Zane ya zaunar da ayari kwana uku a kan tudu, cikin sanyin da ba su saba da shi ba, yana jiran hazo ya yaye daga ƙololuwar wani dutse, ya hana a hura wuta da rana don hayaƙi yana ɓata masa sama. Mutum biyu suka mutu da ciwon haƙarƙari. Da aka gaya masa sai ya ce a jawo gawarwakin baya kaɗan, suna cikin hoton. Ina juyawa ina tofar da yawu, ina jin daɗin cewa mu ne aka zalunta.

Sai na zo kan warƙa huɗu.

Mutanen dutsen sun karɓe su hannu biyu. Mai masaukinsu ya yanka musu akuya, ya nuna musu idon ruwa. Su ba sa binne dattawansu a ƙasa, a kogo suke ajiye su, su toshe bakin da duwatsu. Mai Kwalabe ya ce yana son ƙoƙunan kai, a ƙasarsu ana auna su. Babu ɗan dakon da ya yarda. Kaka ne ya yarda. Ya rubuta da hannunsa cewa ya ce wa ransa ai ba musulmi ba ne. Ya jira rana ta take, mutanen gari suna gona, ya hau shi kaɗai, ya janye duwatsun, ya ɗebo kai uku. Biyu sun bushe. Na ukun bai gama ba, da sauran furfura a jikinsa. Mai Kwalabe ya ce a tafasa shi naman ya saki. Tukunya ɗaya ce babba a ayarin, ta tuwon 'yan dako. A cikinta Kaka ya tafasa, ya wanke ta da toka, da yamma aka tuƙa tuwo, ya zauna ya ci tare da su, bai gaya wa kowa ba. Mai masaukin ya zo da nono, ya zauna, ya sa hannu ya ci shi ma. Kan da aka tafasa na mahaifinsa ne. Ladan aikin shi ne koren akwatin.

A ƙarshen warƙa ta huɗu Kaka ya rubuta sunan tsohon, wanda ya tambaya daga baya ya samu, ya ce duk jikan da ya karanta ya nema masa gafara, kuma ya san daga wace tukunya aka ciyar da gidanmu.

Na kwana biyu ban ci abinci mai ɗumi ba. Daga nan sai na fara yi wa kaina fatawa. An umurce mu da ambaton alherin mamata. Wanda ya rufa wa wani asiri Allah zai rufa masa. Mutum ya tuba, ya rasu, me ya sa za a tone shi gaban mace da yara? Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce ina limanci wa ɗalibai, ana ce mini jikan malamai, ba na son zama jikan mai tonon kabari. Na zare warƙoƙin huɗu, na cusa su cikin wani littafina na fiƙihu, na haɗe labarin daga tudu zuwa gangare ba tare da tabo ba. Na iya aikin, wannan kam ba zan yi ƙarya ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai masa. Ya ce in karanta ya ji. Ya jingina, ido a rufe, yana gyaɗa kai. Hajja tana zuba shayi. Da na zo wurin, na haye ba tare da muryata ta canza ba. Sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Daga kan tudu sai gangare?"

"Haka yake, Baffa."

"Akuyar fa?"

Na sa ido a kan takarda.

"Tukunyar fa?"

"Baffa, sutura..."

"Ina da shekara goma sha biyu ya zaunar da ni ya sa na karanta masa wurin nan da bakina, yana kuka har gemunsa ya jiƙe. Shi bai nemi sutura ba. Kai wa ya naɗa ka mai yi masa likkafani?"

Na ce, "Saboda ƙanwata ne. Me za ta ƙaru da shi in ban da ɓacin rai?"

"Ta ƙaru da sanin ubanta. Kana tsammanin don ina son warin kabari nake sauka?" Ya lalubo littafin Jamusawa da ƙafa, ya turo mini shi. "Ka ga wannan? Shi ma hannunsa da kyau. Ya zana dutse, ya ce a jawo gawa baya. Abin da ka yi ke nan. Shi baƙo ne, bai san sunan kowa ba. Kai ka sani, ka goge."

"Na adana su, ban ƙona ba."

"To kawo."

"In sha Allahu, Juma'a mai zuwa."

Ya juya wajen matarsa ya ce, "Hajja, ba Mai Zane shayinsa ya tafi."

Daga ranar sunana ya mutu a gidan. Hajja ma ta bi mijinta wajen kirana Mai Zane. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo. Kullum sai in ɗauko littafin fiƙihun, in mayar. Na riƙa ce wa kaina tsoho ne, zai huce, ko ya manta. Bai sake tambayata ba ko sau ɗaya, kuma bai hana ni gidansa ba. Wannan ya fi mini zafi.

A bazarar da aka sa dokar hana fita, zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu. Wata rana da hantsi na ji ana hawa matakala a hankali, sanda tana buga kowane tsani. Hawa biyar ne ɗakina. Baffa ne, shi kaɗai, da idon nan nasa, ya shigo jirgin ƙasa na metro da kwanon kunun gyaɗa a ɗaure cikin ƙyalle. Ya zauna bakin gado yana haki.

"Mai Zane, tashi ka sha. Hajja ta ce in ka bar ko cokali ɗaya kada in dawo."

Ya riƙe mini kwanon har na shanye. Ya shafa kaina, ya yi addu'a. Da zai fita sai ya tsaya gaban kantar littattafaina, ya daɗe, yana bin bayansu da yatsa kamar mai neman ƙofa a bango. Yatsansa ya bi ta kan littafin fiƙihun ya wuce. Ina kwance ina kallo, bakina da ɗanɗanon kunun matarsa, na yi shiru. A cikin duk abin da na juya daga warƙoƙin Kaka, ban ga abin da ya fi wannan shirun ƙazanta ba.

Wata huɗu bayan haka ya rasu. Ni na yi masa wanka. Ni na tuɓe takalmi na sauka, karo na farko a rayuwata. Da aka liƙe bakin na tarar da kaina ina danna duwatsun da ƙafa.

Washegarin sadakar uku, da mutane suka ragu, na je da warƙoƙin a aljihun ƙirji. Hajja tana cikin takaba, ƙanwata tana zaune kusa da ita. Na durƙusa na ajiye su a kan tabarma.

"Hajja, kayan Baffa ne. Na riƙe su ba bisa haƙƙi ba."

Ta dube su, ta dube ni. "Sai da ƙasa ta rufe masa ido, ya zol?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce da 'yarta ta ɗauko. Ƙanwata ta shiga ɗaki ta fito da littafi mai baƙin bango. Juyin nan nawa ne. Ashe Baffa ya kai shi wurin mai ɗaurin littattafai an ɗinke. Ta buɗe tsakiya. Daidai inda na haye daga tudu zuwa gangare, ya sa an ɗinka farar takarda, shafi takwas, babu ko ɗigo.

"Yaya, na tambaye shi mene ne wannan, ya ce ba shi zai gaya mini ba. Ya ce mai bashin zai zo. Wallahi har na ɗauka rikicin tsufa ne."

Na ce, "Sai na karanta miki tukuna, kafin in rubuta. Amma ba shi da daɗi."

"Yalla, karanta. Gawa nawa na gani a wurin aiki?"

Na karanta, ban rage ko harafi ba. Da na zo kan tukunya ta miƙe ta shiga banɗaki, muna jin ta. Ta daɗe. Ta fito fuska a jiƙe, ta tsaya tana kallon koren akwatin da ke kan kanta, wanda a cikinsa take ajiye kayan wasanta tana yarinya.

"A cikin wannan...?"

Na ce, "Ladan ne."

Ta zauna, ta goge baki da gefen mayafi. "Ci gaba, Yaya."

Na ci gaba har ƙarshe, har sunan tsohon. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta faɗe shi da bakinta sau biyu, don ya zauna. Sannan muka ɗaga hannu mu uku, muka nema wa Kaka gafara kamar yadda ya roƙa, muka nema wa Baffa rahama. Shi kuwa tsohon nan na kan dutse da ɗansa mai akuya, ba mu san abin da za mu roƙa musu ba, sai muka bar wa Allah, Shi ne bai zalunci kowa ba.

Na ciro alƙalami na fara cika farar takardar a nan kan tabarma, littafin a kan gwiwata. Daga azahar har aka kira la'asar. Hannuna bai yi kyau ba ranar, layukan sun karkace, ban damu ba. Rubutun ya ƙare a tsakiyar shafi na takwas. Makaho ne ya auna, bai kuskure ba.

Hajja ta karɓi littafin, ta juya shafukan ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba ta karanta boko, tana duba ko da sauran fari. Ta rufe, ta miƙa wa 'yarta.

"Ya bar mini saƙo," in ji ta. "Ya ce ranar da takardar nan ta cika, ba ya binka komai, duniya da lahira."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa kabarinsa ya zama wurin hutu, Ya tsare bakinsa daga mai shiga.

Ta miƙa hannu ta ɗauke butar daga kan littafin Jamusawa, ta tsiyaya a ƙaramin kofi, ta mayar da ita daidai kan zoben ƙunar. Ta turo mini kofin.

"Malam, sha shayinka kafin ya huce."